Na'urorin sensa a ƙananan masana'antun Kaduna: me za su nuna, wa zai amfana?

Mai gidan ruwan leda, Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina da injinan ɗura ruwan leda guda biyu, kuma kowanne, bisa abin da masu ƙera shi suka rubuta, yana iya fitar da leda 2,000 a awa ɗaya. Tunda leda 20 ce ke cika jaka, ya kamata inji ɗaya ya ba da jaka 100 a awa, wato 800 idan ya yi awa takwas yana aiki. Abin da ake ƙirgawa a sito da yamma bai taɓa zuwa kusa da haka ba, alhali kuɗin dizal da na leda ba su ragu ba. Idan na tambaya, manaja ya ce wuta ce, masu inji su ce leda ce take tsinkewa, mai sito kuma ya ce abin da aka miƙo masa shi ya rubuta. Wani matashi ya kawo mini tayin ɗaura wa injinan na'urorin sensa masu aika bayani ta intanet, ya ce zan riƙa ganin abin da ake bugawa a wayata ko da ina Zariya ko Kano. Kafin in saka kuɗina, ina so in ji daga waɗanda suka san abin: me waɗannan na'urori suke aunawa a zahiri, kuma sun dace da ƙaramar masana'anta irin tawa?

Injiniyan lantarki, Kakuri:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tayin ba yaudara ba ce, amma yana da kyau ka san abin da za ka saya. A wurin aiki irin naka abubuwa biyu ne ake fara aunawa. Na farko shi ne ko injin yana aiki ko yana tsaye, kuma ana gane wannan da wata 'yar zobe mai buɗewa da ake maƙala wa wayar da ke kai wa injin wuta, ba tare da an yanke wayar ba. Waya ɗaya tak ake maƙala mata, domin idan aka zagaye kebul ɗin gaba ɗaya, wutar da ke shiga da wadda ke komawa za su soke juna, na'urar ta nuna sifili. Na biyu shi ne ƙirge, kuma ana yin sa da wani ɗan sensa mai kamar ƙaton ƙusa da ake kafawa kusa da bakin da ke liƙe leda yana yanke ta, ta yadda duk lokacin da ƙarfen ya matso kusa da shi zai ƙirga ɗaya. Waɗannan biyun ana haɗa su da ɗan ƙaramin allon lantarki mai aiki kamar ƙaramar kwamfuta, sau da yawa irin ESP32 ko Arduino, shi kuma ya tura bayanin ta Wi-Fi ko ta layin waya zuwa inda za ka gani.

Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Sensa ɗin da ke bakin inji bugun ƙarfe yake ƙirgawa, bai san ko ledar ta cika, ko ta fashe, ko ma babu ruwa a cikinta ba. Haka kuma motar inji da ke juyawa babu kaya tana iya jan kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar da take ja idan tana ɗauke da cikakken kaya, saboda haka idan ba a saita iyakar da kyau ba, allon zai nuna maka cewa ana aiki alhali inji yana juyawa ne a banza. Wannan ya fi shafar masu injin niƙa da na casar shinkafa. A wurinka dole ne a riƙa gwama ƙirgen sensa da nauyin naɗin ledar da aka fitar daga sito da kuma jakunkunan da suka shiga, a nan ne za ka ga inda giɓin yake.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Makera:

Ina gaishe ku duka. Ni dai wannan magana ba sabuwa ba ce a kunnena, wayar hannu ce kawai aka ƙara mata. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a 1957, sauran kuma irin su United Nigerian Textiles, wato UNTL, da Arewa Textiles suka biyo baya, har Kakuri ta cika da ma'aikata, aikin saƙa da awo yake tafiya. A masaƙar da na yi aiki, kowane injin saƙa yana da mitarsa da ke ƙirga zaren da aka jefa, kuma da yake kashi uku ake aiki, na safe da na yamma da na dare, kowane kashi yana da nasa lambobin. Idan za ka miƙa aiki, akawu zai zo da littafi ya ɗauki lambar, kuma da ita ake lissafin ladan ƙwazo. Mun san injin da ke yawan tsinka zare, mun san layin da ke ja baya, kuma makanikai suna zagayawa bisa abin da littafin ya nuna.

Abin da nake so Alhaji ya lura da shi guda biyu ne. Mitar ta yi amfani ne saboda akwai wanda aikinsa ke nan ya karanta ta kullum ya ɗauki mataki kafin a tashi. Na biyu kuma, mita ba ta hana masaƙun nan rufewa ba, domin abin da ya kayar da su rashin wuta ne da tsadar baƙin mai da kuma atamfofin da ake shigowa da su ta bayan fage. Awo yana nuna maka ciwon da ke cikin gidanka, wanda ke waje kuwa sai dai ka san girmansa.

Malamin injiniyanci, Tudun Wada:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma abin da ya bayyana shi ne tushen lissafin da manyan masana'antu ke amfani da shi har gobe, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Seiichi Nakajima ya tsara. Tambayoyi uku ake yi wa inji: cikin lokacin da aka tsara zai yi aiki, nawa ya yi yana tafiya, a lokacin da yake tafiya, ya kai saurin da aka ƙera shi da shi, cikin abin da ya fitar kuma, nawa ne mai kyau. Bari in yi misali da injin Alhaji, kuma misali ne kawai. A ce cikin awa takwas ya yi shida yana aiki, wato kashi 75 cikin 100. A ce a waɗannan awowi yana buga leda 1,800 a maimakon 2,000, wato kashi 90. A ce kuma cikin kowace leda 100, biyar sun lalace, saura kashi 95. Idan aka ninka ukun, abin da zai fito kusan kashi 64 ne, wato jaka 513 a maimakon 800, ba tare da an saci ko leda ɗaya ba. A wannan lissafi kashi 85 shi ake ɗauka a matsayin bajinta ko a manyan kamfanonin duniya, saboda haka kada mai ƙaramar masana'anta ya sa ran 800 ɗin nan.

Na kawo wannan ne domin da yawa daga cikinmu idan kaya suka gaza, zuciya takan fara zuwa wajen sata. Wani lokaci satar ce, amma sau da yawa tsayawar minti biyar ce nan, minti goma can, canjin naɗin leda, jiran hita ta yi zafi, jiran tanki ya cika, waɗanda ba wanda ke rubuta su saboda kowanne ƙarami ne a ido. Wannan shi ne ainihin abin da sensa ya fi ɗan Adam iya kamawa.

Ma'aikacin gidan bulo, Mararrabar Rido:

Ranku ya daɗe, ku yi mini afuwa in saka baki, domin mu ne waɗanda za a ɗora wa na'urar a kai. A gidajen bulo da yawa bisa buhun siminti ake biyanmu, a wasu wuraren kuma bisa abin da aka buga. Idan tifa ba ta kawo yashi da wuri ba, ko tankar ruwa ta makara, ko janareta ya ƙi tashi, mu ne muke zaune tun safe ba mu samu ko sisi ba. Tsorona shi ne maigida yana zaune a gida ya buɗe waya ya ga inji ya tsaya awa biyu, ba zai ga yashin da babu ba, sai dai ya kira ya ce mun yi lalaci, ko ma ya yanke mana kuɗi. Idan haka abin zai kasance, ina tabbatar muku cewa ba za a daɗe ba waya za ta tsinke ko sensa ya karkace, kuma ba za a san wanda ya yi ba. Ba ina goyon bayan ɓarna ba ne, amma na san halin da mutum ke shiga idan aka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Injiniyan lantarki, Kakuri:

Ɗan uwa, maganarka ita ce mafi muhimmanci da aka yi zuwa yanzu, kuma tana da magani a fasahance. Ana kafa ɗan akwati kusa da mai inji mai maɓallai huɗu ko biyar, kowanne da dalilinsa: babu wuta, babu kaya, inji ya lalace, ana canjin leda ko mol, hutu. Idan inji ya tsaya, mai inji ya danna dalilin. Ta haka allon da maigida ke gani ba zai ce kawai an tsaya awa biyu ba, zai ce an tsaya awa biyu saboda babu yashi, kuma wannan hujja ce a hannun ma'aikaci. Lokacin sallar Azahar da La'asar, da cin abinci, da tafiya masallacin Juma'a, tun farko ake cire su daga lissafi a matsayin lokacin da aka tsara ba za a yi aiki ba. Duk wanda ya saka maka na'ura bai tambaye ka waɗannan lokuta ba, to bai san wurin da yake aiki ba.

Mai matsar man gyaɗa, Kawo:

Assalamu alaikum. Ni na riga na bi wannan hanya, kuma ina so Alhaji ya ji ɓangaren da ba shi da daɗi. Wani kamfani ya saka mana na'urori a injin matsa da tukunyar suya, masu auna zafi da wuta, kuma a farko na ji daɗinsu, domin a nan na gane cewa idan zafin suyar gyaɗa ya wuce kima man yakan yi duhu, ƙuli kuma ya yi ɗaci, abin da a da sai an gama aiki muke ganewa. Matsalar ita ce kuɗin wata-wata da dala aka ƙayyade shi. Da darajar naira ta faɗi bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023, kuɗin ya fi ƙarfina, na daina biya, suka rufe mini shafin intanet da nake ganin bayanan a kai, duk bayanan da aka tara suka tafi tare da shi. Na'urorin suna nan a jikin inji, ba sa magana da kowace manhaja sai tasu.

Shawarata ita ce kafin a sayi komai, a sayi littafi da agogon bango. A sa mai inji ya rubuta lokacin da ya tsaya da dalili na tsawon wata guda. Idan maigida bai iya zama ya duba littafin nan kowace yamma ba, to ba zai duba waya ba, zai yi ɗokinta kwanaki kaɗan ya manta. Idan kuwa ya duba ya ga amfanin, a lokacin ya san tambayar da yake so na'ura ta amsa masa.

Malamin injiniyanci, Tudun Wada:

Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Littafi yana koya wa maigida ɗabi'ar dubawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma littafi ba ya kama ƙananan tsayawa, domin mai inji da hannunsa ke cikin aiki ba zai ajiye ya rubuta minti uku ba, kuma abin da zai rubuta da yamma daga ƙwaƙwalwarsa ne, ya riga ya gauraye. Ina ganin a haɗa biyun tun farko ya fi, musamman da yake kayan ba su da tsada kamar da. Game da abin da ya same ki kuwa, darasin shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na mai masana'anta ne, yana iya sauke su duk lokacin da ya so, kuma na'urorin su zama masu amfani da ƙa'idojin sadarwa da kowa ya sani, irin su Modbus da MQTT, ta yadda wani injiniya zai iya ci gaba daga inda na farko ya tsaya. Kuɗin data ba abin tsoro ba ne, domin ɗan gajeren saƙo sau ɗaya a minti ba zai cinye megabayit 50 a wata ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne hayar shafin.

Maƙeri, Tsohuwar Panteka:

Mu da muke ƙera injin niƙa da na ɓare masara da na bulo, mun san cewa yawancin injinan da ke ƙananan masana'antun garin nan ba su da wani allon sarrafawa, motar lantarki ce da bel da makunni, saboda haka duk abin da za a saka daga waje za a ɗaura shi. Abin da nake gani yana kashe irin waɗannan kaya ba wuyar fasaha ba ce. Ƙurar hunturu ce take rufe idon sensa mai aiki da haske, shi ya sa a wurin gari ko siminti gara mai jin ƙarfe. Girgizar injin bulo tana kwance kowane noti idan ba a sa masa washa mai riƙewa ba. Da damina tsawa tana bin waya ta ƙone allo, ɓera yana cin kebul ɗin da ba a saka a bututu ba, wuta kuma idan ta dawo da ƙarfi ba ta tambayar kowa. Akwati mai rufin roba wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, wanda ake rubuta wa IP65, da waya mai shiga ƙasa ta gaskiya, da ɗan batir, su ne rabin aikin. Akwatin da maƙalan muna iya yin su a nan, kuma Kaduna Polytechnic maƙwabtanmu ne, ɗalibansu da ke fita koyon aiki sun iya haɗa allon. Abin da ya rage shi ne mai gyara ya kasance wanda idan aka kira shi da safe zai iso kafin Azahar, ba wanda sai an jira shi daga Legas ba.

Injiniyan lantarki, Kakuri:

Ina ƙara abu ɗaya a kan maganar Oga na Panteka. Kada a yarda da na'urar da ba ta ajiye bayani a cikinta idan babu sabis. Mun ga yadda a ƙarshen 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kuma ko ba wannan ba, sabis yana ɗaukewa a cikin rumfar kwano. Ya kamata allon ya kasance da katin ajiya da agogonsa na kansa, ya tara, idan sabis ya dawo ya tura.

Sannan ga masu tambayar ta ina kuɗin zai dawo, a ganina wajen wuta ne ya fi saurin dawowa. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, barin kwamfiresa ko hita a kunne babu aiki ya zama asara mai nauyi. Janaretan dizal kuma idan ana yawan tafiyar da shi da kayan da bai kai kashi 30 na ƙarfinsa ba, yana shan mai fiye da amfanin da yake bayarwa, kuma yana tara baƙin maiƙo a salansa. Mita ɗaya a bakin janareta za ta nuna maka awowin da ya yi da yunit ɗin da ya bayar, ka gwama da litar da aka zuba. Ita ce kuma za ta yi ƙara idan layi ɗaya cikin layukan wuta uku ya ɗauke, abin da kan ƙona motar inji a kai ta wajen masu naɗin koyil.

Akanta, Unguwar Rimi:

Daga ɓangarenmu, amfanin da ba a ambata ba shi ne shaida. Mai ƙaramar masana'anta idan ya je neman rance a Bankin Masana'antu ko wani banki, ana tambayarsa bayanan abin da yake samarwa da abin da yake sayarwa, kuma da yawa ba su da komai sai baki. Bayanin wata shida da ya dace da rasit ɗin sayen kaya da shigar kuɗi a asusu yana ƙarfafa magana ƙwarai. Ina kuma jan hankali cewa idan za a haɗa lambobin da sunayen ma'aikata, ko a ƙara kyamara, to an shiga hurumin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, kuma wajibi ne a sanar da su abin da ake tarawa da dalilin tara shi.

Mai gidan ruwan leda, Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na tsayar shi ne zan fara da inji ɗaya da janareta, in sa zoben wuta da mai ƙirge da akwatin maɓallan dalili, ɗaya injin kuma a ci gaba da littafi kamar yadda Hajiya ta ce, in ga bambancin da ke tsakaninsu. Zan tara ma'aikata in yi musu bayani kafin a ɗaura komai, kuma zan faɗa musu a fili cewa ba za a yanke wa kowa albashi da lambar na'ura ba. Abin da ban yanke ba tukuna shi ne ko in bar su su riƙa ganin lambobin, domin manajana yana ganin hakan zai jawo gardama tsakanin masu aikin safe da na dare.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Makera:

Alhaji, ka bar su su gani. A masaƙa allo ne babba a bakin sashe, kowa ya shigo zai ga abin da kashin da ya gabace shi ya yi, kuma gardamar da ake yi a gabansa ita ce take fito da gaskiyar injin da ke da matsala. Lambar da maigida kaɗai ke gani ita ce ma'aikaci ke zargi.

Mai matsar man gyaɗa, Kawo:

Ina tare da Baba a kan su gani, amma da sharaɗi, kuma a nan manajanka yana da hujja. Masu aikin dare a gidan ruwa ba su cika samun makaniki a kusa ba, kuma idan tanki ya yi ƙasa da rana su ne suke gadon jiran famfo. Idan aka jera jakunkunan safe da na dare kawai, an zalunci na dare. A nuna jakunkunan tare da awowin da injin ya samu wuta da ruwa da leda, sannan a ware minti goma a lokacin miƙa aiki, manaja da masu inji biyu su tsaya gaban allon su zaɓi dalilin tsayawa guda ɗaya da ya fi cin lokaci, a sa wa wani alhakin gyara shi kafin gobe. Kuma ka sa a yarjejeniyarka da matashin nan cewa kuɗin wata da naira ne, kalmar sirrin shafin kuma a hannunka take tun ranar da aka kunna.